Mutumin da Na Ɓatar a Maƙogwarona

Da sunan Allah nake farawa, wanda Ya shimfiɗa ƙasa ba da taimakon kowa ba, Ya ba wasu rana har ta gundure su, Ya hana wasu ita wata uku cur, Ya rarraba harsuna Ya bar kowa da nasa. Bayan haka, ni ne Nomau ɗan Cindo majemi, mutumin Zamfara, wanda bai wuce izu biyu a gaban malam ba, amma ya roƙi ruwa da harshe tara aka ba shi. Kun sha jin labaran da na fito a cikinsu da kaina a sama. Yau wanda ban taɓa bayarwa ba zan bayar. Wanda ya zo don dariya ya tashi tun yanzu, kada in zage shi a tsakiyar magana.

Fata ce ta kai ni. Na bi fataken jar fata har Masar, na haye teku, a can na ji labarin wata ƙasa a ƙarshen arewa inda ake jeme fata ta fi alharini laushi. Na ce sai na gani da idona. Abokan tafiya suka ce in bari sanyi ya wuce. Na ce musu matsorata, na yi gaba ni kaɗai.

Kwana goma sha ɗaya bayan haka makiyaya suka tsince ni kife a cikin dusar ƙanƙara, gemuna ya zama dutse. Mutanen wurin suna kiwon wata irin barewa mai ƙaho kamar rassan busasshen itace, ita ce nononsu, ita ce namansu, ita ce jakinsu. Suka ja ni zuwa bukkar wata tsohuwa mai suna Birat, wadda ƙafafunta suka daɗe da mutuwa amma hannunta yana da rai. Ita ta murje ni da kitse, ta ɗura mini romo, ta yanke mini yatsun ƙafa biyu da suka yi baƙi ba ta ko tambaye ni ba. Na zage ta da Hausa, ta rama da harshenta. Da haka muka saba. Kafin ƙanƙara ta narke na iya harshen nan har ina gardama da shi.

Wata safiya na ji tana wani guɗa-guɗa a maƙoshi, ba kalma ko ɗaya, sai lo da le. Abin yana tafiya a hankali, ya yi tuntuɓe a wuri guda, ya miƙe, sai ya tsaya cik. Shiru ya yi tsawo har na ɗauka ta gama. Sai kuma ya dawo ya sauka.

Na ce, "Iya, wannan wace waƙa ce mai barci a hanya?"

Ta ce, "Jauni ne."

"Waƙar Jauni?"

"Kunnenka ma na yanke? Na ce Jauni ne."

Jauni ɗanta ne, shi kaɗai ta haifa. A wurinsu kowane mutum yana da muryar da aka yi masa, ba a maganarsa a ciki, ba a yabonsa, shi ɗin ne ake rerawa. In an rera mutum, a faɗarsu, to yana wurin, ko yana bayan duwatsu, ko yana ƙarƙashin ƙasa. Allah ne masani, ni dai abin da na tarar nake faɗa.

Na yi dariya na ce, "Ai mu ma muna da shi. Take muke ce masa. Kowane basarake da nasa, kowane ɗan dambe da nasa. Makaɗi ya hango ka sai ya saki takenka, kai kuma kanka ya kumbura."

Ta ce, "Ana ƙara masa wani abu?"

"Gwanin makaɗi ai shi ne mai ƙari."

"To ba shi ba ne."

Na ji ta, amma a raina na ce tsohuwa ce ba ta ga duniya ba.

Jauni ƙafarsa ɗaya ta fi ɗaya gajarta, shi ne tuntuɓen nan. In aka yi masa tambaya sai ya yi shiru har mai tambaya ya ji kunya, sannan ya amsa, shi ne tsayawar nan. Shekara ashirin da suka wuce ƙanƙarar kogi ta fashe da shi. Matarsa ta ɗauki jaririyarsu, Marita, ta koma wajen danginta a bakin teku, tafiyar kwana arba'in. Yarinyar ba ta taɓa jin ubanta ba.

Birat ta ce, "Ni na yi masa shi yana goye a bayana. Duk waɗanda suka iya sun riga ni tafiya. Samarin nan ba mai barin garke kwana tamanin don tsohuwa. In na mutu da shi a bakina, Jauni ya sake mutuwa, kuma wannan ita ce ta gaske."

Da na yi shiru da ya fi. Amma yaushe na taɓa yin shiru? Na buga ƙirji na ce, "Iya, kan nan da kike gani harshe tara ne a ciki, ko ɗaya bai zube ba. Ɗan lo da le ne zai gagare ni? Zuba mini shi, in kai wa jikarki har ƙofar ɗaki."

Sannan ta koya mini, kwana bakwai, tana dukan gwiwata da cokali duk inda na yi sauri. Ranar tafiya ta riƙe mini hannu ta ce, "Ɗana, abu uku. Kada ka gyara shi. Kada ka rera shi don tsoro. Kada ka rera shi don ciki. Kullum da safe sau ɗaya, kai kaɗai, yadda na ba ka."

Na ce, "An gama."

Lokacin rana ta daina faɗuwa a ƙasar. Sai ta gangaro kamar za ta shige, ta taɓa kan itatuwa, ta fasa. Sallah ma da ƙiyasi nake yi. Na ratsa dajin fararen itatuwa, na ratsa fadamu masu haɗiye mutum har wuya, sauro kuwa kamar hayaƙi. Kwana goma sha biyu ina riƙe da alkawari, kowace safiya in zauna a kan dutse in rera Jauni da tuntuɓensa da shirunsa.

Rana ta goma sha uku na faɗa tsakiyar farauta. Akwai wata dabba a dajin, girman bijimi, gashi buzu-buzu, tana tashi tsaye kamar mutum. Mafarauta sun taso ta, ita kuwa ta yo kaina. Ba jarumta ba ce, gaskiya zan faɗa yau: na tokare gindin mashi a ƙasa na rufe ido, ta zo ta hau shi da kanta.

Suka ɗauke ta zuwa ƙauyensu da waƙa, kamar an ɗauko amarya. Suka ajiye kanta a wurin zaman manya, suka jera mata kifi da zuma. Ba mai kiran sunanta na gaskiya, sai Kaka, sai Mai Tafin Zuma, don sun ce daga sama aka sauko da ita, kuma tana ji ko ta mutu. Babban mafarautan, wani tsoho mai kunne ɗaya da ake kira Tarmo, ya durƙusa gabanta yana lallashi.

"Kaka, ba mu ba ne. Kan itace ka hau neman zuma, reshe ya karye da kai. Mu tsintar ka muka yi. In ka koma wajen Ubanka ka ce mun karrama ka."

Kowa ya amsa, "Reshe ne, Kaka, reshe ne."

Ni kuwa ina gefe, ba wanda ya ko dube ni. Jinina ya hau. A garinmu wanda ya kashe irin wannan har jikokinsa sai an yi musu kirari. Na miƙe na ce, "Wane reshe? Ku ji maƙaryata! Ni na soke ta, ni Nomau ɗan Cindo, ga jininta a hannun rigata!" Na kuma kira ta da sunan nan da na ji a bakin fatake, wanda har yau ban sake furtawa ba.

Mata suka rufe fuska. Wani ya kifar da akushi. Tarmo ya tashi a hankali ya ce, "Baƙo, ka tayar da Kaka. Yanzu ya san an kashe shi, kuma ya san a ina. Sai mu ba shi wanda ya yi."

Suka ɗaure ni a jikin dogon itacen da suke rataye kawunan dabbar, sama da ni ƙoƙon kai fari fat sun fi talatin, duk suna kallon gabas. Za su bar ni nan, 'yan'uwanta su zo su ɗauki fansa. Bakin da ya jefa ni shi na juya wa.

Na ce, "Baba Tarmo, tsaya! Ba ni na yi magana ba. Matacce nake ɗauke da shi a maƙogwaro, shi ya yi ihun nan. Me Kaka zai yi wa wanda ya riga ya mutu?"

Tsohon ya karkato kunnensa mai kyau. "In da matacce, fito da shi mu ji."

Na rera Jauni. Amma wa zai yi shiru mai tsawo igiya tana cin wuyansa? Na ga in na tsaya za su ce na ƙare, su juya. Sai na tsallake shirun, na haɗe gaba da baya, na ɗaga murya don ya yi kama da mai iya ihu a taro. Suka saurara, suka dubi juna. Tarmo ya koma gaban kan dabbar ya ce, "Ka ji, Kaka. Wani Jauni ne, kuma yana can wajenku. Ku sasanta."

Suka kwance ni har da guzurin nama. Na fita ina yaba wa kaina wayo. Mutumin da bai taɓa amsa tambaya da sauri ba, na ɗora masa ihun da bai yi ba da kisan da bai yi ba, ban ko waiwaya ba. Washegari da safe na zauna rerawa, na zo wurin shirun, na ji ya yi mini tsawo. Na rage shi kaɗan. Ai ba wanda yake ji.

A kwana na ashirin da shida na iso wata kasuwa a mahaɗar koguna biyu, takalmina ya mutu, cikina yana kuka. A tsakiyar kasuwa akwai wani makaɗi mai jan gemu, da abin kiɗansa mai tsirkiya biyar kwance a cinya. Wanda duk ya kayar da shi a waƙa, 'yan kasuwa za su ba shi takalmin fata da ƙunshin busasshen kifi. Na yi musu waƙar noma, suka yi hamma. Na yi ta 'yan dambe, suka ce ihu ne. Sai na ce a raina, sau ɗaya dai. Na saki Jauni.

Da na zo wurin tuntuɓen, mai jan gemu ya kwashe da dariya. "Kai baƙin hankaka, wannan naka gurgu ne? Ku ba shi sanda, jama'a, kada ya faɗi a wuta!"

Kasuwa ta ɗauka. Idona ya rufe. Na ce, "Gurgu? Ubanka ne gurgu! Tsaya ka ji." Na sake ɗaukowa, na miƙe ƙafar nan sumul, na sa masa taku irin na kalangu, na ƙara masa juyi biyu a wuya irin na maroƙan garinmu, na ƙare da tsawa. Wallahi ya yi daɗi. Mata suka buga ƙafa, mai jan gemu ya kife abin kiɗansa. Sau tara suka sa na maimaita, sau tara na yi, kowane karo ina ƙara gishiri. Na bar kasuwar da sabon takalmi, ina tafe ina rera sabon a hanya don shi ya fi zama a baki. Na ce na tsohuwa yana nan ajiye, in na kusa sai in ɗauko.

Saura kwana uku in kai teku na iso wani tafki da suke ce wa mai gindi biyu. Ruwansa garau, kana ganin ƙasa, amma a tsakiya akwai rami, a ƙarƙashin ramin kuma wani tafkin ne, inda suka ce matattu suke zaune a juye, tafin ƙafarsu yana manne da namu. Mai fito wata mace ce doguwa, ba ta son magana, don ta ce hayaniya tana korar kifi zuwa tafkin ƙasa. Da muka kai tsakiya ta ɗaga filafili ta yi raɗa.

"Kana da wani a ƙasa? In ka rera shi a nan, zai zo ya sa ƙafa a gindin jirgi. Dubi."

Ta yi wani ɗan guɗa gajere. Na leƙa. Ga tafin ƙafa biyu ƙanana, farare, sun manne da katakon daga ƙasa, jirgin ya ɗan girgiza. Ta shafa wurin da hannu, ta ce, "'Yata ce." Ƙafafun suka saki katakon, suka nutse.

Na ce to ga ranar ɗauko na tsohuwa. Na buɗe baki. Na nemi tuntuɓen, ban san a wace gaɓa yake ba. Na sa shi nan, bai zauna ba. Na sa shi can, ya zama wani abu. Na nemi shirun, na tsaya, sai juyin maroƙa ya faɗo cikin wurin da kansa. Na yi sau uku. Na yi na kasuwa ma gaba ɗaya. Ruwa ko motsi.

Matar ta ce, "Ba wanda ya san wannan a ƙasa."

Na ce, "Tafkinku ne ya lalace."

Ta ci gaba da tuƙi, ni kuwa na ƙura wa sabon takalmina ido har muka kai gaɓa.

Kwana ukun nan ban ci abin kirki ba. Na zauna a kan duwatsu ina dukan gwiwata da tsinke yadda Birat take yi da cokali, ko jiki zai tuna abin da kai ya zubar. Na yi tunanin komawa, na tuna tsohuwar da na bari numfashinta yana yi mata gardama, da kwana talatin da bakwai a tsakaninmu, da ƙauyen Tarmo a kan hanya. Na yi tunanin wucewa ban nemi kowa ba. Ƙafata dai ta kai ni.

Marita na same ta a bakin teku tana shanya kifi a kan sanduna, mace mai faɗin fuska kamar kakarta, da tsohon ciki. Na yi sallama irin tasu, na ce daga wajen Birat nake. Kifin ya faɗi daga hannunta.

"Tana da rai?"

"Na bar ta da rai."

"Me ta aiko?"

Na ce, "Mahaifinki."

Ba ta yi kuka ba. Ta shiga da ni ɗaki, ta shimfiɗa mini fatar da ta fi kyau, ta kori kare, ta wanke hannu, ta zauna a gabana ta dafa cikinta. Ta ce, "Baffa, tun ina yarinya kowa a garin nan yana da wanda zai rera in kewa ta kama shi, ban da ni. Na ce in namiji na haifa Jauni zan sa masa, amma me zan rera masa? Bismillarka." Ba haka ta faɗa ba, amma haka yake a Hausa.

A nan ne ya kamata in ce, 'yata, na zubar da shi. Kalma biyar. Ni da na yi gardama da alƙalai a Masar, kalma biyar suka fi ƙarfina. Na rera mata na kasuwa.

Ta rufe ido. Ta ce in sake. Na sake. A karo na uku tana bi na, a na huɗu ta riƙe shi duka, har juyin maroƙan Zamfara, a bakin mace da ba ta taɓa ganin kalangu ba. Ta buɗe ido hawaye yana zuba, tana dariya.

"Ashe haka yake! Mahaifiyata, Allah Ya ji ƙanta, ta ce mini mutum ne mai sanyi, mai jan ƙafa, sai ya yi shiru kafin ya amsa. Wannan kuwa ai wuta ne. Mai saurin fushi, mai son a dube shi, ba ya bari kowa ya gama magana." Ta share fuska. "Ko dai ta ɓoye mini ne don kada in ji tsoronsa?"

Ta tsaya tana dubana. Tambaya ce ta gaske, amsa take jira. Na yi shiru, kuma ina jin tsawon shirun nan, daidai da wanda na yar a gindin itacen Tarmo, ya zo mini a lokacin da ba shi da amfani.

Na ce, "Haka kakarki ta ba ni shi."

Ta kama hannuna biyu ta ɗora a goshinta. Ta fita bakin ruwa ta fuskanci kudu ta rera shi da ƙarfi, maƙwabta suka fito suna ji, wata tsohuwa tana cewa ashe Marita ta sami uba. Ni ina cikin ɗaki, sai na ji wani abu ya ja ni ta ƙirji zuwa ƙofa, kamar yadda mutum yake ji in uwarsa ta kira shi daga bayan gida. Sai da na riƙe ginshiƙi. Ba Jauni take rerawa ba, ni ne.

Da zan tafi ta ba ni fatar nan da na zauna a kai, irin wadda na bar garinmu don in gani, laushinta ya fi alharini. Ta ce, "Ba ta kai abin da ka kawo mini ba, Baffa."

Na karɓa. Har godiya na yi.

Shekara goma sha tara ke nan. Wani lokaci ina zaune a bakin marina ko a tsakiyar kasuwa, ba wanda ya yi mini magana, sai in ji an ja ni ta ƙirji, in juya arewa in ce na'am. Mutane su ce Nomau ya fara taɓuwa. Ban taɓu ba. Wata mace ce a bakin teku take kiran ubanta.

Nan maganata ta tsaya. Wanda ya ji, in ya ɗaga hannu ya sa da Birat da ɗanta kafin ya sa da ni.